Kashe mahaɗi a cikin WebView: a ina ake tare hanya?

Duk wanda ya taɓa haɗa manhajar waya zai gane wannan yanayin. Kana da shafi guda da kake so mai amfani ya karanta: sharuɗɗan amfani da manhaja, ko darasi, ko saƙon imel da ya zo da ado. Rubutun a HTML yake, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, don haka sai ka ɗauko WebView, akwatin nuna irin waɗannan shafuka a cikin manhaja, ka zuba shi ciki, ya fito tsaf. Ranar gwaji wani ya kai yatsa kan wata shuɗiyar kalma a ƙasan shafin, wato mahaɗi (link), kafin ƙiftawar ido shafinka ya ɓace, na wasu ya maye gurbinsa, kuma duk a cikin manhajarka, ƙarƙashin sunanka da tambarinka.

Na ga haka da idona a wata manhajar karatu da muka yi aiki a kanta. A ƙarshen wani darasi akwai mahaɗi zuwa shafin da aka samo bayanin. Yarinyar da muka ba wayar ta gwada ta taɓa shi, daga can ta taɓa wani, daga can kuma wani. Da ta miƙo mini wayar, wani shafin talla ne ya cika allon, alhali sunan darasin yana nan a sama bai motsa ba. Babu sandar adireshi da za ta nuna mata inda take. Ta danna maɓallin komawa baya, sai ya fitar da ita daga darasin gaba ɗaya, don a Android WebView ba ya bin tarihin shafuka da wannan maɓallin sai an koya masa. A wurinta manhajarmu ce ta nuna mata tallan, kuma tana da gaskiya.

Tushen matsalar shi ne WebView burauza ce cikakkiya da aka cire wa fuska. A Android, tun daga sigar 4.4 ta 2013, injin Chromium ne a cikinsa, kuma daga sigar 5.0 ana sabunta shi ta Play Store kamar kowace manhaja. A iPhone kuwa WKWebView ne, wanda ya zo da iOS 8 a 2014 ya gaji tsohon UIWebView, wanda Apple ya daina karɓar sababbin manhajoji masu amfani da shi daga Afrilun 2020. Injin yana nan da ƙarfinsa, yana iya zuwa ko'ina a intanet. Abin da aka cire su ne abubuwan da ke kare mutum: adireshin da zai duba, alamar kwado, maɓallin baya da na gaba. Shi ya sa shafin damfara ya fi haɗari a cikin WebView fiye da a burauza. Mutumin da ya amince da manhajarka zai rubuta kalmar sirrinsa a duk akwatin da ya gani a cikinta.

Kafin a taɓa kod, akwai tambayar da ake yawan tsallakewa: me kake nufi da "kashe"? Wani so yake mahaɗin ya mutu murus, ya zama rubutu kamar sauran. Wani so yake ya yi aiki, amma ya buɗe a waje, a burauzar wayar. Wani kuma yana so mahaɗan shafinsa su yi aiki, na baƙi ne kawai za a tare. Akwai ma wanda doka ce ta tilasta masa: ƙa'idar Apple ta rukunin manhajojin yara ta hana mahaɗin da ke fita daga manhaja sai an ajiye shi bayan wata ƙofa da iyaye ne za su iya buɗewa. Kowace buƙata da maganinta, kuma mafi yawan ɓarnar da nake gani daga ba wa wannan maganin wancan take fitowa.

Hanyar da ta fi saurin zuwa wa mutum a rai ita ce hana allon jin taɓi kwata-kwata. A Android sai a sa setOnTouchListener ya dawo da true a kan kowane taɓi, a iOS kuma a mayar da isUserInteractionEnabled zuwa false. Mahaɗi kam ya mutu, amma ya tafi da komai: ba a iya jan shafi sama ko ƙasa, ba a iya ƙara girman rubutu, ba a iya kwafar jimla. Idan abin nunawar layi biyu ne da suka dace da allo, babu laifi. Idan sharuɗɗa ne masu tsawo, ka hana mutum karanta abin da kake neman ya amince da shi.

Ta biyu ta fi wayo: CSS, harshen da ake tsara kamannin shafi da shi. A rubuta pointer-events: none a kan duk alamar "a", wadda da ita ake rubuta mahaɗi a HTML, sai yatsa ya riƙa ratsa mahaɗin kamar babu shi, jan shafi kuma yana nan lafiya. Ina amfani da ita, kuma zan dawo kanta, amma dole a san iyakarta. Yatsa kaɗai take tarewa. Wanda ya jona kibod a kwamfutar hannu zai iya kai wa mahaɗin da maɓallin Tab ya buɗe shi da Enter. Ba ta hana JavaScript, kod ɗin da ke gudana a cikin shafi, canza adireshin shafi da kansa, ba ta hana alamar meta refresh tura mutum wani wuri bayan 'yan daƙiƙoƙi, ba ta hana fom aikawa. Sannan idan shafin ba naka ba ne, sai ka jira ya gama lodi kafin ka cusa masa CSS ɗin, kuma a intanet mai jan ƙafa, tsakanin bayyanar rubutu da gama lodi akwai isasshen lokacin da yatsa zai riga ka.

Wurin da ya dace a tare hanya shi ne bakin ƙofa, wato lokacin da WebView ya ce zai bar wannan shafin ya tafi wani. Android da iOS duka sun tanadi wannan ƙofar, sai dai halinsu ya bambanta, kuma a bambancin ne ake tuntuɓe.

A Android mai gadin shi ne WebViewClient, kuma tambayar da ake masa sunanta shouldOverrideUrlLoading. Ma'anarta: "Manhaja, za ki karɓi wannan tafiyar da kanki?" Idan ka dawo da true, WebView zai janye hannu, ba zai loda komai ba. Idan ka dawo da false, zai ci gaba da lodi. Sunan yana rikitar da mutane da yawa, don true ɗin a nan shi ne tarewa. Akwai kuma wani abu da ke ba sababbin shiga mamaki. Idan ba ka saka WebViewClient ba sam, Android zai miƙa adireshin ga tsarin wayar, yawanci burauza ta buɗe shi a waje. Da zarar ka saka shi, ko da fanko ne ba ka rubuta komai ciki ba, amsarsa ta asali false ce, sai komai ya koma buɗewa a cikin manhajarka. Layi ɗaya da aka kwafo don wata buƙata daban, misali don a san lokacin da shafi ya gama lodi, shi ne sau da yawa yake jawo irin abin da ya faru da yarinyar can.

Tambayar tana da siga biyu. Tsohuwar adireshi kawai take ba ka. Sabuwar, wadda ta zo da Android 7.0 a 2016, tana ba ka WebResourceRequest, kuma a cikinsa akwai bayanai masu amfani: isForMainFrame yana gaya maka ko babban shafin ne zai sauya ko wani ƙaramin firam a cikinsa, isRedirect yana gaya maka ko sabar ce ta karkatar da tafiyar, hasGesture kuma ko taɓin mutum ne ya jawo ta. Idan manhajarka tana aiki a wayoyin da suka girmi Android 7.0, sai ka rubuta duka biyun, in ba haka ba tsofaffin wayoyi za su wuce ta gefenka. Game da hasGesture, takardun Android da kansu sun yi gargaɗin cewa yana iya cewa babu taɓi alhali akwai. Yana da amfani a matsayin alama, amma ban yarda a gina tsaro a kansa ba.

To me zai hana a dawo da true a kan komai a huta? Idan rubutun a cikin manhaja yake, ka loda shi da loadDataWithBaseURL, wannan ya wadatar, don ba a yin wannan tambayar a kan lodin da manhaja ta fara da kanta. Amma idan daga intanet kake ɗauko shafin, akwai tarko. Ka kira adireshin da ya fara da http, sabar ta ce a koma https, ko ta ƙara www a gaba. Wannan karkatarwar tana bi ta ƙofar, kai kuma ka ce a tare komai, sai ka tare shafinka da hannunka. Abin da mai amfani zai gani farin allo ne fayau, babu saƙon kuskure, babu komai.

A iOS mai gadin shi ne WKNavigationDelegate, tambayar kuma decidePolicyFor. Ana ba ka bayanin tafiyar, kai kuma ka amsa da allow ko cancel. Babban bambanci da Android: a nan ana tambayarka har a kan lodin farko da kai ka fara, ko da loadHTMLString ne. Wanda ya kwaso dabarar Android ya ce cancel a kan komai, ko shafinsa na farko ba zai gani ba. Shi ya sa ake duba navigationType. Idan linkActivated ne, an taɓa mahaɗi. Idan formSubmitted ne, an aika fom. Lodinka na farko yana zuwa da sunan other. Amsar da aka fi yaɗawa ita ce a soke linkActivated a bar sauran, kuma ga shafin da babu JavaScript a cikinsa tana aiki. Sai dai other ɗin nan buhu ne da ake zuba komai: lodinka yana ciki, canjin adireshin da JavaScript ya yi ma yana ciki. Kuma a WKWebView JavaScript a kunne yake tun asali, saɓanin Android inda yake a kashe sai ka kunna. Shafin da ya ɗora umarnin taɓi a kan hoto ko akwati, ya sauya adireshi ta nan, zai wuce mai gadin da linkActivated kaɗai yake nema. Abu ɗaya kuma da kowa ke koya da wahala: dole a kira decisionHandler, wanda ta cikinsa kake miƙa amsarka, sau ɗaya tak a kowace hanya da kod ɗinka zai bi. Ka manta ko ka kira sau biyu, manhaja ta rufe kanta.

A ra'ayina, tambayar "ta yaya aka fara tafiyar?" ba ta kai "ina za a je?" muhimmanci ba. Ka rubuta jerin wuraren da ka yarda a je, komai ƙanƙantarsa, ko da adireshi ɗaya ne, duk abin da ba ya cikin jerin a tare shi, ko yatsa ne ya jawo shi, ko JavaScript, ko sabar. Jerin abin da aka hana ba ya ƙarewa. Jerin abin da aka yarda da shi kuwa kai ka san farkonsa da ƙarshensa.

A nan ma akwai rami, kuma na sha ganin ƙwararru sun faɗa. Sai mutum ya rubuta cewa idan adireshi ya ƙunshi example.com a bar shi ya wuce. To, example.com.example.net ma ya ƙunshe shi, alhali mai shi daban ne, don sunan gida na gaskiya daga ƙarshe ake karanta shi. Haka wanda ya saka sunanka a wutsiyar adireshinsa bayan alamar tambaya. Duba ko adireshi ya fara da kalmomin ma bai tsira ba, don misalin farko da su ya fara. Abin yi shi ne a warware adireshin da Uri a Android ko URL a iOS, a ciro host ɗin, wato sunan gidan, shi kaɗai, a kwatanta shi harafi da harafi, sannan a tabbatar https ne. Idan za a yarda da ƙananan rassa, irin su www.example.com, a duba cewa sunan ya ƙare da ɗigo sannan example.com, da ɗigon a haɗe.

Ko da wannan, ƙofar tana da ɓarakar da ya kamata a sani. A Android ba a kiran shouldOverrideUrlLoading a kan buƙatar POST, ɗaya daga hanyoyin da fom ke aika bayani, wato fom zai iya ɗaukar mutum ya kai shi wani shafin mai gadi bai sani ba. Idan rubutun daga hannun wasu ya fito, kamar imel, a cire alamar form tun kafin a nuna shi. Hotuna da fayilolin da shafi ke jawowa su ma ba sa bi ta nan, ƙofarsu shouldInterceptRequest ce. Sai mahaɗan da aka rubuta su buɗe a sabuwar taga. A Android, muddin ba ka kunna setSupportMultipleWindows ba, ana ɗaukarsu kamar sauran, idan ka kunna kuwa sai sun bi ta onCreateWindow. A iOS alamarsu ita ce targetFrame ya zo babu komai, kuma idan ba ka rubuta createWebViewWith ba, taɓa su ba ya haifar da komai. Akwai kuma mahaɗan da ba na shafi ba: tel na kiran waya, mailto na imel, sms, da intent a Android wanda ke iya buɗe wata manhajar. Idan ka bar WebView na Android ya gwada loda irin waɗannan da kansa, shafin kuskure mai ɗauke da ERR_UNKNOWN_URL_SCHEME zai fito. Ko ka tare su, ko ka miƙa su ga wayar da saninka. A iPhone kuma a tuna da dogon danni, wanda ke fito da samfurin shafin da mahaɗi ke nuni gare shi. Ana kashe shi da allowsLinkPreview, a ƙara da -webkit-touch-callout: none a CSS. Idan an kunna dataDetectorTypes, WKWebView zai riƙa mayar da lambobin waya da adireshi su zama mahaɗai da kansa, ko da babu su a HTML ɗinka.

Masu aiki da Flutter ko React Native, kayan gina manhaja ɗaya ga Android da iOS, ba su fita daga wannan ba, ƙofofin nan biyu ne aka lulluɓe da suna ɗaya. A webview_flutter sunanta onNavigationRequest, amsar tarewa NavigationDecision.prevent. A React Native sunanta onShouldStartLoadWithRequest, kuma a can false ne tarewa, akasin Android. A kula da originWhitelist: adireshin da ba ya cikin jerinsa ba kashe shi ake yi ba, miƙa shi ake yi ga wayar ta buɗe a waje.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, don shi ne ba a cika yi ba. Ka tare ƙofa tsaf, amma kalmar tana nan shuɗiya da layi a ƙarƙashinta. Mutum ya taɓa, shiru. Ya sake taɓawa da ƙarfi, shiru. Ya goge allon da rigarsa, ya duba ko intanet ce ta yanke, daga ƙarshe ya yanke hukuncin manhajar ta lalace. Shuɗin launi da layi alkawari ne da intanet ta yi wa mutane shekaru da yawa, cewa a nan akwai hanya. Idan ka toshe hanyar, ka cire alamar. A nan CSS ɗin da na ce zan dawo kansa yake da aiki: a mayar da launin ya bi na sauran rubutu, a cire layin, a haɗa da pointer-events: none don kada wurin ya yi haske idan an taɓa.

Ga makaho kuma wannan bai isa ba. TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone, masu karanta masa allo da murya, ba sa duban launi, ginin shafin suke karantawa. Muddin alamar "a" tana da href, wato wurin da ake rubuta adireshin da mahaɗi zai kai, za su gaya masa ga mahaɗi, ya taɓa sau biyu ya jira, babu abin da zai faru, kuma ba shi da hanyar sanin ko shi ne ya yi kuskure. Ka taɓa kunna TalkBack ka rufe ido ka bi shafinka daga sama zuwa ƙasa? Minti biyar za su nuna maka abin da gwajin mako guda bai nuna ba. Maganin mai sauƙi ne: a ƙa'idar HTML, alamar "a" da ba ta da href ba mahaɗi ba ce. Cire href ɗin, ko ka cire alamar gaba ɗaya ka bar rubutun da ke cikinta. Da jsoup, kayan aikin warware HTML, a Android layi ɗaya ne, ka zaɓo duk alamomin "a" ka kira unwrap. A iOS SwiftSoup yana yin irin wannan aikin. Kada a gwada yin haka da neman kalma da sauya ta a cikin ɗanyen rubutu, HTML yana da hanyoyin rubuta abu ɗaya da yawa, wasu za su kuɓuce.

Sai dai cire mahaɗi yana barin tabo a jimla. "Danna nan don ganin cikakken bayani" ta zama jimlar da ke aika mutum inda babu. Idan rubutun naka ne, gyara jimlar. Idan ba naka ba ne, ka yi tunanin rubuta adireshin a fili kusa da kalmar, don wanda ke buƙata ya kwafa.

Tsarin da nake bi idan aikin nuna rubutu ne kawai: in tsaftace HTML tun kafin ya shiga WebView, in kashe JavaScript, wanda a iOS 14 zuwa sama allowsContentJavaScript ke yi, sannan in ajiye mai gadi a ƙofa duk da haka, don ranar da wani abu ya kuɓuce wa tsaftacewar. Idan manhajar tana amfani da addJavascriptInterface, wanda ke ba shafi damar kiran kod ɗin manhaja, mai gadin ya zama wajibi, domin duk shafin da ya samu shiga WebView ɗin zai iya kiran abin da ka buɗe wa naka shafin. Kafin Android 4.2 wannan ɓarakar har tana ba shafi damar gudanar da umarni da ikon manhajar.

Amma sau da yawa, idan na zauna da mai manhaja muka tattauna, sai ya bayyana ba mutuwar mahaɗin yake so ba. Tsoronsa kada shafin wasu ya sa rigar manhajarsa. A sharuɗɗan amfani, mahaɗin da ke kai wa ga manufar sirri haƙƙin mai karatu ne, kashe shi tauye shi ne. Ga irin wannan akwai Custom Tabs a Android da SFSafariViewController a iOS, duka sun fito a 2015. Ka tare tafiyar a ƙofa kamar yadda aka bayyana, sai ka miƙa adireshin gare su. Shafin zai buɗe a saman manhajarka, da sunan gidansa a rubuce a sama, da maɓallin rufewa da zai dawo da mutum daidai inda ya tsaya, kuma manhajarka ba ta iya leƙa abin da yake rubutawa a ciki, saɓanin WebView inda take iyawa. Dalilin da ya sa ke nan Google, tun sanarwarsa ta 2016, ya hana shiga asusunsa ta cikin WebView, yana mayar da kuskuren disallowed_useragent ga manhajar da ta gwada. A manhajar karatun nan haka muka yi: mahaɗan da ke tsakiyar darasi muka cire su tun daga HTML, na madogarar da ke ƙarshe kuma muka bar shi da shuɗin launinsa, yana buɗewa a Custom Tabs.